Tambaya da Amsa: Za a Gina Rukunin Gidaje a Bayan Unguwarmu

Wasiƙun wannan fitowar daga Jos suka zo, kuma duk suna magana ne kan manyan filayen da ake yankawa a gefen gari don gina rukunin gidaje. Injiniyoyin hanya da na ruwa, da masu tsara birane, da masu binciken kayan tarihi ne suka haɗu suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a wajen Lamingo. Wani kamfani ya sayi gonaki kimanin hekta 10 a bayanmu, ya kafa allo cewa zai gina gidaje 200. Wakilinsa ya ce suna da takardar mallaka, saboda haka magana ta ƙare. Haka ne? Me ya kamata mu nemi gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Magana ba ta ƙare ba. Takardar mallaka tana tabbatar da haƙƙin riƙe fili ne a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Izinin gini abu ne daban, kuma a Jos da Bukuru hukumar raya birni ta JMDB ce ke duba taswirar fulotai da zanen gini kafin a sa bulo ko ɗaya.

Sai kuma rahoton tasirin aiki kan muhalli, wanda ma'aikata ke kira EIA. Dokar tarayya ta 1992 ta wajabta shi kai tsaye ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Wata dokar ta wannan shekarar, ta tsara birane da yankuna, ta nemi rahoton tun daga filin zama da ya wuce hekta 2, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari a cikin jiha hurumin jihar ne. Don haka ku rubuta wa JMDB da ma'aikatar muhalli ta jiha, ku tambaya a rubuce wane bincike suka gindaya wa wannan aikin. Ku tambayi girman filin kamfanin gaba ɗaya, domin akan raba babban fili a kira shi kashi na ɗaya da kashi na biyu don kowane ya kasa kai ma'aunin doka, alhali motoci da ruwan sama duk hanya ɗaya za su bi.

Rahoton da ya bi ta hannun tarayya ana baje shi ga jama'a na kwana 21 na aiki. Ku je ku karanta, ku shigar da ƙorafinku a rubuce, a buga muku hatimi a kwafi. Kaurin littafin kada ya ruɗe ku. Ku nemi ranar da aka yi kowane awo, da wurin da aka yi shi, da ainihin takardun da aka cike a fili, da lambar rajistar wanda ya sa hannu: ta hukumar rajistar injiniyoyi (COREN) ga injiniya, ta hukumar rajistar masu tsara gari (TOPREC) ga mai tsara gari. Idan kuka tarar ana bayanin itatuwan da ba sa fitowa a Filato, ko ruwan saman wani gari daban, to an kwafo rahoton ne daga wani aiki. Abu mafi muhimmanci shi ne lokaci. Tun ran gini ran zane: binciken da aka yi bayan an yanka fulotai an sayar ba zai iya matsar da get ko ya ware wa ruwa hanya ba.

TAMBAYA: Ina da makarantar firamare a kan layin da zai zama mashigar wannan rukunin gidajen. Layin da ƙyar mota biyu ke giftawa, kuma yana fita babban titi ne ta kwana ɗaya. Kamfanin ya ce motocin ba za su dame mu ba tunda ba lokaci ɗaya suke fita ba. Ta yaya ake gane gaskiyar wannan?

AMSA: Hajiya, ana gane ta da ƙirge, kuma ba jimillar motocin yini ake dubawa ba. Awa ɗaya tak ake nema, wadda ta fi kowace cunkoso da safe, da takwararta ta yamma. Hanyar da ta ɗauki waɗannan awoyin biyu za ta ɗauki sauran.

Ana zaunar da masu ƙirge a kwanar daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma, kowane mutum da hannun da yake lura da shi: masu miƙewa, masu karya dama, masu karya hagu. Ana ja layi a takarda kowane minti 15, domin cunkoson ƙofar makaranta yakan taru ne cikin minti 20, idan aka haɗa shi da awa guda sai ya ɓace a lissafi. Ranakun su zama Talata zuwa Alhamis, makarantu na zama, ba lokacin hutu ko yajin aiki ko ƙarancin mai ba. A Jos dole a ƙara azahar ɗin Juma'a da safiyar Lahadi, musamman idan akwai masallacin Juma'a ko babban coci a kan hanyar. A ƙirga masu tafiya a ƙasa ma, da yaranki masu tsallaka titi. Rahotanni da yawa ba sa yin wannan, alhali masu tafiya a ƙasa su ne waɗanda mota ke bugewa.

Ba a daidaita tifa da ƙaramar mota. Ana mayar da komai ma'auni ɗaya: ƙaramar mota ɗaya, babur ƙasa da rabi, babbar bas ko tifa biyu zuwa uku. Keke ƙarami ne a jiki, amma tsayawar da yake yi a bakin kwana don ɗaukar fasinja tana cin hanya fiye da girmansa, sai mai ƙirge ya rubuta sau nawa aka tsaya da kuma inda aka tsaya.

Daga nan a ƙiyasta motocin da sababbin gidajen za su haifar. Akwai jadawalin Amurka da ake yawan kwafowa, wanda ke ba kowane gida kusan tafiya ɗaya a awar yamma, amma rayuwar can daban ce. Abin da ya fi shi ne a je get ɗin wani rukunin gidaje a Jos mai kama da wannan, wanda ya cika da mutane, a ƙirga shiga da fita, a raba da yawan gidajen da ake zaune a ciki. Mu ɗauka, don misali, an sami tafiya 7 ga kowane gida 10 da safe. Gida 200 zai ba da 140, a ce 100 masu fita, 40 masu shiga.

Ɗari ba ta da yawa a kunne, amma matsalar tana wajen karya hagu. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, don haka mai fitowa daga layi zai karya hagu sai ya tsallake sahu biyu, kuma yana buƙatar tazarar kusan daƙiƙa 7 babu mota ta kowane ɓangare. Idan babban titin na ɗauke da mota 1,000 a awa, lissafin injiniyoyi ya nuna kimanin mota 220 ne za su sami wannan tazarar. Idan ya kai 1,400, sai su dawo wajen 120. To a ce yanzu mota 120 ke karya hagu daga layinku, sababbin gidaje suka ƙara 70. An kai 190 cikin 220, wato an haura kashi 85 cikin 100, iyakar da daga ita layin motoci ke fara tsawo, direbobi su fara kutsawa da ƙarfin hali. Wannan kuma lissafin yau ne. Dole a maimaita shi da hasashen shekara 5 da 10 bayan an tare, a haɗa da sauran filayen da aka riga aka ba izini a kan titin.

Get ma abin dubawa ne. Idan mai gadi na ɗaukar daƙiƙa 25 yana duba kowace mota, abin da zai iya shigarwa a awa bai kai 150 ba, kuma da yamma motoci a tare suke zuwa. Kowace mota na cin mita 6 a layi, don haka get ya koma ciki aƙalla mita 30 daga bakin hanya, da sahu daban na mazauna. Mai fitowa kuma ya iya hango mita 65 ta kowane hannu inda ake gudun kilomita 50 a awa, mita 130 inda ake gudun 80. Katanga ko shago ko allon talla da ya tare wannan hangen dole ya matsa.

Abin da za ku nema a rubuta cikin sharuɗɗan izini: mafita ta biyu ta wani titin, sahun jira na masu karya hagu ko ƙaramin shataletale, hanyar ƙafa mai faɗin mita 1.5 a gaban makaranta, da wurin tsayawar keke nesa da kwana. A rubuta wanda zai biya, a kuma rubuta cewa sai an gama kafin a miƙa makullin gidan farko. Lokacin gini kuwa, a hana tifa bin layin a lokacin shiga da tashin yara, kuma ku ɗauki hoton hanyar da kwalbatocinta tun yanzu. Idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da take wa kwalta takan ninka kusan 16, shi ya sa damina ɗaya ta jigilar yashi ke cinye layin da ƙananan motoci suka yi shekaru suna bi.

TAMBAYA: Ni foman ne a wani fili da muke sharewa a kudancin Jos. Katafila ta tono fasassun tukwane da yawa, da wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi kamar an narka su, da wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu. Maigida ya ce mu yi shiru kada gwamnati ta ƙwace filin. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya. A tsayar da katafila a wannan ɓangaren yau, a kewaye wurin da igiya kamar mita 20 zuwa 30 ta kowane gefe, aiki ya ci gaba a sauran filin. Kada a wanke komai, kada a tara su wuri ɗaya, kada a ciro abin da ke maƙale a ƙasa. A ɗauki hoto da waya, a ajiye tef ɗin awo a gefen abin don girmansa ya fito, a rubuta zurfin da aka same shi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ce wanda ya ci karo da irin wannan ya sanar da hukumar da ƙaramar hukuma cikin kwana 7, kuma ta hana haƙa ko sayar da kayan tarihi ba da izini ba. A Jos abin da sauƙi, tunda Gidan Tarihi na cikin gari kusa da gidan zu.

Tsoron maigidanka ya fi abin da yakan faru girma. A mafi yawan lokuta masana na zuwa ne su auna, su haƙa, su rubuta, su kwashe, sannan gini ya ci gaba. Inda aka sami kabari ko wani abu da bai kamata a taɓa ba, akan gyara taswira ne wurin ya zama filin da ba a gini a kai. Haɗarin gaske yana wajen ɓoyewa, domin kayan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na wata daɗaɗɗiyar al'umma ta wannan yankin, na cikin jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na abubuwan da ake sacewa daga Afirka, kuma wanda aka kama da su ba zai ce bai sani ba.

Baƙaƙen dunƙulen nan da alama kashin maƙera ne, abin da ke saura bayan an narka tama. Inda yake da yawa, matoyar ƙarfe na kusa, kuma za ka iya ganin gutsattsarin bututun yumɓu da ake zuga iska ta ciki. Ƙasar nan ba baƙuwar irin wannan ba ce. A wajen haƙar kuza aka fara tono mutum-mutumin Nok a 1928, kuma wani kai da aka samo a yankin Jama'a aka kawo wa Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, a Jos a farkon shekarun 1940 shi ya sa aka gane al'umma guda ce ta yi su. Fagg ɗin ne ya kafa Gidan Tarihin Jos da aka buɗe a 1952, ya kuma haƙa Taruga, kusa da Abuja, inda aka sami matoyun ƙarfe da suka haura shekara 2,000. Binciken da jami'ar Frankfurt ta Jamus ta fara a 2005 ya mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. A Mai Idon Toro, nan ƙasar Filato, kuma an sami gatura na dutse da suka girmi waɗannan nesa ba kusa ba. Ba mu ce abin da ka samu na Nok ba ne, sai an gani. Amma ka lura, ƙimar abin ba a jikinsa kaɗai take ba. Ɗan gawayin da ke kwance tare da tukunyar shi ake aunawa a san shekarunta, kuma da zarar katafila ta cakuɗa ƙasar, wannan shaidar ta tafi har abada.

Abin da ya kamata a yi tun kafin ku shigo da inji shi ne wannan. A fara zama da dattawan masu ƙasar, Birom ne ko Afizere ko Anaguta, a tambaye su ina kufai, ina makabarta, ina wuraren ibadar gargajiya. Tsohon shingen ƙerana da ya zagaye wurin da babu kowa sau da yawa alamar tsohon mazauni ce. Sannan mutane su jeru da tazarar mita 5 zuwa 10 su taka filin kaf, da rani bayan an girbe ciyawa ta kwanta, suna neman tsingaro, da ramukan niƙa a kan duwatsu, da da'irar duwatsun tushen ɗaki ko rumbu. Inda aka ga alama a haƙa ramin gwaji mita 1 sau mita 1, ana sauka santimita 10 a kowane mataki, ana tankaɗe ƙasar da rariya. Ga hekta 10 wannan aikin 'yan makonni ne. Ranar da za a kankare ƙasar sama kuma, masani ya tsaya kusa da katafila yana kallo.

TAMBAYA: Mu da ke gangaren filin gidaje 200 ɗin nan rijiyoyi muke sha, kuma ko yanzu da damina ruwa na shigo mana tsakar gida. An ce za su haƙa burtsatse ɗaya babba, su yi kwata. Ya isa?

AMSA: Alhaji, mu yi lissafi. Gida 200, mutum 6 a kowane, mutum 1,200 ke nan. Gidan da ke da famfo da bayan gida na ruwa yakan ci kimanin lita 120 ga mutum a yini, jimilla lita 144,000. Mafi yawan Jos a kan dutse take, ruwan ƙasa na taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi, shi ya sa burtsatse da yawa ba sa wuce lita ɗaya a daƙiƙa. Mai ba da lita ɗaya, idan ta yi awa 10 tana aiki, lita 36,000 ce. Sai an sami huɗu irinta, kuma idan suna kusa da juna za su riƙa janye wa juna ruwa, su janye naku ma. Ku nemi a yi gwajin famfo na awa 24 zuwa 72 a jere, a watan Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, ana auna zurfin rijiyoyinku kafin gwajin, da lokacinsa, da bayansa. Gwajin watan Agusta ba ya nuna komai. Idan kuma sun ce za su jona da bututun gwamnati, a kawo wasiƙar hukumar ruwa mai faɗin girman bututun da awoyin da ruwa ke zuwa.

Sokawe 200 a saman gangare kuwa kai tsaye ya shafi abin da kuke sha. Kowane ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, kuma inda dutse ke kusa da sama ƙazantar na bin tsaga ta yi tafiyar da ta fi haka ba ta tacu ba. A irin wannan filin gara a haɗa gidajen da bututu zuwa matata guda da ke da mai kula da ita. A gwada ruwan rijiyoyinku a ɗakin gwaji yanzu, ku riƙe sakamakon, don ya zama shaida in abu ya canza.

Ruwan sama ya fi komai damun mu a tambayarka. Gona na shanye mafi yawan ruwan da ya sauka, kamar kashi 30 cikin 100 ne ke gangarowa. Idan aka rufe ta da kwano da siminti da kwalta, abin da ke gangarowa ya kan kai kashi 70. A hekta 10, da ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa, gudun ruwan zai tashi daga kimanin lita 830 a daƙiƙa zuwa kusan 1,950. Kwata mai kyau a cikin rukunin gidajen ba ta rage ko ɗigo daga wannan, sauri ma take ƙara masa zuwa ƙofarku. Wanda ya ga abin da ambaliyar Yulin 2012 ta yi a Rikkos da Gangare ya san ruwan Jos ba ya jira. Sharaɗin da za ku tsaya a kai shi ne kada ruwan da ke fita daga filin bayan gini ya fi na kafin gini. Ana cim ma haka da tafkin tare ruwa a ƙasan filin, mai ƙaramar mafita da ke sakin sa a hankali, a katange shi saboda yara. Injiniya ya bi ruwan da ƙafa daga katangar kamfanin har rafi, ya auna kowace kwalbati a hanya, domin mafi ƙanƙantarsu ce ke yanke hukuncin gidan da zai cika.

TAMBAYA: Ina son sayen gida a wani rukuni wajen Rayfield. Filin shimfiɗaɗɗe ne mai kyau, amma akwai tsohon kududdufin kuza a gefensa, da babbar wayar wuta da ta ratsa ta baya. Me zan tambaya kafin in biya?

AMSA: Shimfiɗar nan ita ce abin tambaya na farko, Malam. Fili a yankin haƙar kuza yakan yi sumul ne saboda an cike rami da turɓaya da laka, kuma irin wannan cikon na ci gaba da zama shekaru da yawa, ba daidai ba, sai bango ya tsage daga kusurwar taga. Akwai kuma tsofaffin ramukan loto da aka bi ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ba a ganinsu daga sama. Ka nemi rahoton gwajin ƙasa, ka duba ko an huda har an wuce cikon an tarar da ƙasar asali, da kuma ko akwai ramin gwaji kusa da fulotin da za ka saya, ba a bakin get kaɗai ba. Ka tambayi inda aka samo yashin gini. Tarkacen da ke saura bayan an tace kuza na iya ƙunsar ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutarwa, kuma auna shi da na'ura aikin yini ɗaya ne.

Wayar wuta tana da hurumi: mita 25 ta kowane gefe ga layin 330kV, mita 15 ga 132kV, mita 5.5 ga 33kV da 11kV. Ka auna da kanka daga tsakiyar layin zuwa katangar gidan. Sannan ka ƙirga taransifoma. Idan aka ba kowane gida 2.5kVA (kVA ma'aunin ƙarfin taransifoma ne), gida 200 na buƙatar 500kVA, kuma ba a son ɗora wa taransifoma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, don haka guda ɗaya mai 500 ba ta isa ba. Ka nemi ganin wasiƙar kamfanin rarraba wuta na Jos da ta amince da jonawar, wadda ta ambaci layin da za a ɗauko wutar daga gare shi da yawan nauyin da aka yarda a ɗora masa.